KAREN BANA DA ZOMON BANA: Yaushe Ya Kamata Kwikwiyo Ya Fara Gudu?

Idan kaka ta wuce, aka cika rumbuna, hunturu ya fara busawa, sai hankalin samarin ƙauye ya koma wajen farauta. A irin wannan lokaci, wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Jibiya da sassafe, ko ya wuce Magama inda ofishin kwastan ya ke ya nufi Ɗan Isa ta ƙasar Nijar, ba wuya ya gamu da yaro a kan keke ko babur, ya ɗaura wa kwikwiyo igiya a wuya yana ja, kwikwiyo na biye da gudu, harshe waje. In an tambaye shi dalili, sai ya ce horo ya ke ba shi, wai don ƙafarsa ta yi ƙarfi kafin a fara fita daji. In an ce masa ai bai isa ba tukuna, sai ya kawo karin magana, ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana.

Karin maganar nan gaskiya ce a inda magabata suka nufa da ita, watau kowane zamani da mutanen da suka san kansa. Amma wanda ya ɗauke ta a kan kare na sosai, ya saka kwikwiyon bana cikin gudun zomo, to, sau da yawa hasarar karen zai yi. Hasarar kuwa ba ƙarama ba ce. Malamai sun yarda a ajiye kare don farauta, da tsaron garke, da gadin gona, kuma duka ukun nan ana bukatarsu a ƙasar Jibiya. Ga ta kusa da Dajin Rugu, ga ɓarayin shanu da 'yan bindiga sun dami jama'a a shekarun nan, har sau da yawa haushin kare shi ne farkon abin da ke tā da mai gida cikin dare. Gurgun kare kuwa abincin da zai ci daidai ya ke da na lafiyayye, aikin ne kaɗai ba zai yi ba.

YADDA ƘASHI KE GIRMA

Duk wanda ya taɓa cin dafaffiyar ƙafar ɗan akuya ko ɗan rago ya san wani abu. In naman ya dahu sosai, kan ƙashin yakan ciro kamar marfin tulu, a ga wani abu fari mai santsi tsakaninsa da sauran ƙashin. Amma in tsohon bunsuru ne, ko an kwana ana dafawa kan ƙashin ba ya cirowa, gama ya riga ya haɗe ya zama abu guda. Wannan farin abu guringuntsi ne, kuma daga nan ne ƙashi ke ƙara tsawo. Kullum guringuntsin na yin sabon tsiro, tsohon yana daskarewa yana zama ƙashi, har ranar da dabba ta kai iyakar tsawonta, sa'an nan wurin ya rufe.

Manomi ya san irin wannan a gonarsa. Karan dawa sa'ad da ya ke girma, wurin da ya fi taushi shi ne dab da gaɓa, daga nan ya ke miƙewa, nan kuwa ya ke karyewa in iska ta yi ƙarfi. Haka ƙafar kwikwiyo ta ke. Guringuntsin girma shi ne wuri mafi rauni a jikin ƙafarsa, har ya fi jijiyoyin da ke kewaye da shi rauni. Faɗuwar da za ta sa babban kare targaɗe ya warke cikin mako guda, ita ce za ta tsaga wa kwikwiyo wannan guringuntsi.

In ya tsage ko ya daku, yakan rufe tun lokacinsa bai yi ba. A ƙafar gaba, daga gwiwa zuwa dagi, ƙasusuwa biyu ne a jere. In ɗaya ya daina girma ɗayan yana ci gaba, tilas ƙafar ta lanƙwashe kamar baka, dagin ya juya waje. Wani lokaci kuma ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta gajarta. Abin takaici, ba a ranar a ke ganin wannan ba, sai bayan makonni ko watanni, sa'ad da mai kare ya riga ya manta da ranar da ya ja shi da keke. Sai ya ce maita ce, ko ya ce irin ne ba shi da kyau.

LOKACIN DA ƘASHI KE RUFEWA

Likitocin dabbobi sun duba wannan da hoton ƙashi, sun ga ya danganta ga girman irin karen. Ƙananan karnuka na Turawa sukan gama tun suna wata 8 zuwa 10. Matsakaita, irin karen gida da a ke gani a kowane ƙauye na ƙasar Hausa, sai wajen wata 12. Manya kuwa sai wata 15 zuwa 18, waɗansu ƙatta har su kusa shekara 2.

Karnuka iri uku a ke samu wajen bakin iyaka. Akwai karen gida da aka ambata. Akwai karen Buzaye, dogo siriri mai zurfin ƙirji, wanda asalinsa kwarin Azawak ne, arewa da Tawa, tsakanin Nijar da Mali. Turawa sun kai irinsa ƙasarsu tun wajen 1970, suna kiransa da sunan kwarin. Shi mafarauta suka fi so saboda gudu, shi kuma ya fi ruɗin mutane, domin tun yana wata 6 ƙafafunsa sun yi zara-zara, a ɗauka ya isa. A ba shi wata 15 ko fiye. Na uku shi ne babban karen nan na Jamus irin na 'yan sanda, wanda 'yan kasuwa da ma'aikata ke saye da tsada don gadin gida da sito. Shi irinsa na da saurin ciwon ƙugu, kada a matsa masa sai ya cika wata 18.

Ba wani baƙon ilmi ba ne wannan. Ba manomin da zai ɗora wa ɗan maraƙi karkiya ya ce ya ja garma, sai ya kai wajen shekara 3. Ba a aza wa ɗan jaki mangala, ba a kuma yi sukuwa da duƙushi. Kare ne kaɗai a ke mantawa da shi, don shi ba ya gardama. Kwikwiyo zai bi ubangidansa har ya faɗi.

YADDA ZA A SAN SHEKARUNSA

Wanda karyarsa ta haihu a gida ba shi da wahala, sai ya riƙe watan. Karya na ɗaukar ciki wajen kwana 63, 'ya'yan su buɗe ido bayan kwana 10 zuwa 14, kuma bai kamata a raba su da uwar ba sai sun yi mako 8. Amma wanda ya karɓi kwikwiyo hannun makiyayi ko fatake, ko a ran Lahadi da kasuwar Jibiya ke ci, sai ya buɗe bakinsa ya duba.

Haƙoran nono 28 ne, ƙanana masu tsini kamar allura. Wajen wata 4 ya ke fara famfara, na gaba su fara zuba. Fiƙoƙi sukan sake wajen wata 5 zuwa 6. Kafin ya wuce wata 7 manyan haƙora 42 sun cika, farare tas. To, a nan ne mutane da yawa ke kuskure, su ga baki ya cika su ce kare ya girma. Haƙori na riga ƙashi gamawa. Ranar da aka ga fiƙoƙin nono sun zuba sababbi sun tsaya, a ƙidaya wata 6 nan gaba ga karen gida, wata 9 zuwa 12 ga manya, kafin a fara maganar gudu mai nisa.

Ga kuma lissafi mai sauƙi na manoma. Kwikwiyon da aka haifa da kaka, ba ruwansa da farautar ranin nan, sai ta baɗi. Wanda aka haifa da damina shi ya fi shiga hatsari, domin lokacin farauta zai same shi yana wata 6 ko 7, ga jiki ga zafin nama, ƙashi kuwa ɗanye. Shi ma sai baɗi. A taƙaice, kare ba ya shiga farauta sai watan da aka haife shi ya zagayo.

WASA DABAM, TILAS DABAM

Kada wani ya ji wannan ya ɗaure kwikwiyonsa a turke ya ce yana kiyaye masa ƙashi. Wannan ma ɓarna ce. Ƙashi da tsoka ba su ƙarfi sai da motsi, kuma kwikwiyon da ya tashi a ɗaure yakan zama matsoraci ko mai cizo. Abin da a ke gudu shi ne gudun tilas, wanda kwikwiyo ba shi da ikon tsayawa in ya gaji.

In an sake shi a tsakar gida ko a gona tare da 'yan'uwansa, zai yi tsalle, ya yi kokawa, ya zabura da gudu kaɗan, sa'an nan ya zube a inuwa ya yi barci. Jikinsa ne ke gaya masa iyakarsa. Amma in an ɗaure shi a keke, ko babur, ko bayan amalanken shanu daga ƙauye har kasuwa, taku iri ɗaya zai yi ta yi, dubu bisa dubu, a kan ƙasa mai tauri, kowane taku na dukan guringuntsin nan.

A shekarar 2012 masana a ƙasar Norwe sun bayyana sakamakon binciken da suka yi a kan manyan karnuka iri huɗu, waɗanda suka bi tun daga haihuwa. Sun ga 'yan kwikwiyon da ke hawa da saukar matakala kafin su cika wata 3 sun fi kamuwa da ciwon ƙugu, waɗanda kuwa a ke saki su yi wasa a fili mai taushi ciwon ya yi musu sauƙi. Filin wasa mai taushi kuwa ba a rasa shi a Jibiya ba. Ga gonaki bayan girbi, ga rairayin gulbin nan da ya ratsa ƙasar ya nufi Maraɗi.

INJIN TATTAKI

A Turai da Amurka, inda mutane ke zaune a gidajen bene, ga sanyi mai hana fita, akwai wani inji mai shimfiɗaɗɗen bel wanda lantarki ke juyawa, mutum ya hau ya yi ta tafiya ko gudu yana wuri guda. Yanzu ana ganinsa a manyan garuruwan Nijeriya ma, har waɗansu na ɗora karnukansu a kai. Ɗora kare a kan irin wannan ba sabon abu ba ne. A ƙarni na 19 manoman Amurka suna da na katako, kare ya hau yana takawa, ƙarfin takunsa na juya abin kaɗa nono a fid da mai.

Hukuncin wannan inji da na keke ɗaya ne, gama bel ba ya sanin an gaji. Shawarar likitocin dabbobi ita ce kada a sa kwikwiyo gudu a kansa sai ƙashinsa ya rufe, watau bayan shekara guda ga matsakaici, shekara da rabi ga babba. In lokacin ya yi, a fara barinsa ya hau injin a kashe ya saba da shi, sa'an nan a kunna a mafi ƙarancin sauri, minti 2 zuwa 5, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Kada a ɗaure igiyarsa a jikin injin, kada kuma a bar shi shi kaɗai ko da na ƙiftawar ido, domin in ya zame igiyar za ta shaƙe shi.

ABIN DA ZA A YI WATA WATA

Daga wata 2 zuwa 4: wasa a gida kurum. A koya masa sunansa, da zuwa in an kira, da sabawa da awaki da kaji don kada ya tashi yana korarsu. Wannan ne lokacin allura. Akwai wani ciwon amai da zawon jini da ya bayyana a duniya a 1978, yana kashe 'yan kwikwiyo ƙwarai. Allurarsa ana farawa daga mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Kafin a gama, kada a kai shi inda karnuka ke taruwa.

Daga wata 4 zuwa 8: ya raka mai shi gona ta kusa, da ƙafa, a hankali, yana sansana abin da ya ga dama. Masu kiwon karnuka a Ingila suna da wani ƙiyasi, minti 5 na tafiya ga kowane wata na haihuwa, sau biyu a yini. Watau mai wata 5 ya yi minti 25 da safe, 25 da yamma. Ƙiyasi ne dai, amma ya isa ya tsare mutum daga wuce gona da iri. In ya zauna a hanya, a tsaya masa. Kada a bar shi ya diro daga kan amalanke, ko katanga, ko bayan mota.

Daga wata 8 zuwa 12: a ƙara nisan tafiya. A koya masa bin sawu da fatar zomo, a ja ta a ƙasa a ɓoye ya nemo. Yana iya bin tsohon kare ya ga yadda a ke yi a bayan gari, amma ba fita ta yini guda ba. Hanci da biyayya a ke ginawa yanzu, gudu na nan zuwa.

Bayan ƙashi ya rufe: a fara da sassarfa ta rabin mil, kwana ɗaya a yi kwana ɗaya a huta, kowane mako a ƙara kaɗan. Cikin wata 2 sai a ga ƙirji ya buɗe, cinya ta cika, tafin dagi ya yi kauri yadda tsidau da ƙarangiya ba za su dame shi ƙwarai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka a fara wannan tun ana girbin gero.

ZAFI DA ABINCI

Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum ko doki, da haki ya ke fid da zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Jibiya yakan wuce digiri 40, kwalta da rairayi su yi kamar tanda. A ɗora bayan hannu a ƙasa, in ba a iya jurewa a ƙidaya bakwai ba, to, kare ma ba zai iya takawa ba. A fita da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a riƙe masa ruwa a gora. In aka ga yana tangaɗi, miyau na dalala, harshe ya yi ja wur, a kai shi inuwa nan da nan, a kwarara masa ruwan sanyi a ciki da ƙafafu, a yi masa fifita.

Ƙanzo da ɗumamen tuwo kaɗai ba su gina ƙashi. Nama zalla ma ba ya ginawa, har yakan sa ƙashin kwikwiyo ya yi laushi. A haɗa masa tuwo da nono ko tsala, da garin busasshen kifi tare da ƙayarsa a daka lukui, da dafaffen ƙwai in an samu. Mai ƙasa da wata 6 ya ci sau uku a yini. Kada a ba shi dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya huda hanji, kada kuma a ba shi abinci mai albasa da yawa. Ƙiba ma ba alheri ba ce, kaya ne a kan ɗanyen ƙashi. A ba shi maganin tsutsar ciki a kan kari, a riƙa cire masa kaska.

IN YA FARA ƊINGISHI

Alamun an wuce iyaka su ne ɗingishi, da kumburi mai zafi kusa da gaɓa, da nauyin tashi da safe, da haɗa ƙafafun baya biyu wajen gudu kamar zomo. In an ga ɗaya daga ciki, a tsai da kome, a duba dagi ko ƙaya ce. In ba ƙaya, aka kwana biyu bai sake ba, ko ya ƙi taka ƙafar sam, a kai shi wurin malamin dabbobi. Inda a ke bukatar hoton ƙashi, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato. Kada a yi masa lalas, kada kuma a ba shi ƙwayoyin ciwon jiki na mutane, domin waɗansunsu na ƙona cikin kare su kashe masa ƙoda.

Sauran abu guda da ya shafi mazauna bakin iyaka musamman. Ciwon haukan kare bai san Nijeriya da Nijar ba, kare kuwa ba ya tsayawa a shingen kwastan. Duk kwikwiyon da ya cika wata 3 a yi masa allurar hauka, a riƙa sabuntawa kowace shekara, a adana takardar. Ana yin wannan allura a ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa tun 1924. Karen da ba a yi wa ba kada a kai shi daji, inda zai gamu da dila da karnukan da ba a san asalinsu ba. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ya tafi asibiti a ranar, gama in ciwon ya riga ya bayyana ba shi da magani.

A TUNA DA WAƊANNAN

1. Kwikwiyo ya yi wasa iyakar son ransa, amma ban da gudun tilas.
2. Ban da keke, da babur, da amalanke, da injin tattaki, sai karen gida ya cika wata 12, na Buzaye 15, babban na Turawa 18.
3. Cikar haƙora ba ita ce cikar ƙashi ba.
4. Allura tukuna, sa'an nan daji.
5. In an fara horo, a fara da kaɗan, da sanyin safiya.

Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Gudun kuwa sai da ƙafa huɗu lafiyayyu. Kare in an kula da shi yakan yi wa mai shi aiki shekara 8 ko fiye, saboda haka wanda ya haƙura da farautar rani ɗaya bai yi hasarar kome ba. Zomon bana dai a bar wa karen bara, na bana ya jira baɗi.